Sana'ar kai ɗalibai Andalus da sauke su a gidajen iyalai

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma aikinmu shi ne shirya wa makarantun sakandare tafiyar ɗalibai zuwa Andalus, wato kudancin Sifaniya, inda suke ziyartar wuraren tarihi da rana, da dare kuma su kwana a gidajen iyalan da suka karɓi baƙuncinsu a birnin Garanada. Iyaye sukan ɗauka cewa jirgi da wuraren kallo su ne babban aikin, alhali waɗannan kiyaye lokaci kawai suke buƙata.

Sifaniya tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, saboda haka ɗalibin da yake buƙatar biza sai ya nuna inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, da fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar da zai baro yankin, da amincewar iyayensa a rubuce idan bai kai shekara 18 ba. Fadar Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Garanada, ita ma da nata tsarin. Tikitin kowa yana ɗauke da sunansa, an kuma ƙayyade sa'ar shiga fadojin sarakunan Banu Nasr, waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1492, kuma wanda ya makara ba a buɗe masa ƙofa. Mukan ware yini guda don birnin Kurɗuba, ɗalibai su ga masallacin da Sarki Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa a ƙarni na 8, wanda a yau majami'a ce.

Inda nauyin sana'ar yake shi ne zaɓen masauki, domin amanar ɗan wani ake danƙa wa mutumin da iyayensa ba su taɓa gani ba. Ba na yarda da gida ta hoto. Nakan shiga da ƙafata, in duba ɗakin kwana, in gwada sakatar banɗaki, in taka daga ƙofar gida zuwa tashar bas don in san nisan da yaro zai yi da yamma, sannan in tambayi su wane ne suke kwana a gidan. Kowane baligi a cikinsu sai ya kawo takardar hukuma mai shaida cewa ba a taɓa hukunta shi da laifin lalata ba. Ɗalibai biyu nake ajiyewa a gida: guda ɗaya kewar gida takan yi masa yawa, huɗu kuwa sai su ƙule a ɗaki suna hira da harshensu, su koma ba su koyi komai ba.

Kafin tashi, kowane iyali yana karɓar bayanin abin da ɗalibi ba ya ci da maganin da yake sha. Shi kuma ɗalibi ana ba shi kati mai adireshin gidan da lambar malaminsa da 112, lambar neman agajin gaggawa. Nakan gaya musu tun da wuri cewa a can ba a cika cin abincin dare kafin ƙarfe tara ba, kada su zaci an manta da su.

Daren farko ya fi kowanne wuya, shi ya sa nake kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya, in ji muryar kowane yaro da kunnena. Kullum kuma akwai gida guda da nake biya ya zauna babu baƙo, domin idan ɗalibi ya ce hankalinsa bai kwanta da inda yake ba, a daren nake ɗauke shi, bincike ya biyo baya da safe.