Yadda na yaye yarona daga nono zuwa madara a kofi

Yaye irin na gidanmu a rana ɗaya ake yin sa. A karɓo rubutu a ba yaro, a haɗa masa kayansa a kai shi gidan kaka, uwa ta zauna da ƙirji a kumbure har nonon ya kafe. Wasu kuma su shafa abu mai ɗaci a kan nono don yaro ya tsane shi. Ni da lokacin yayen nawa yaron ya zo, ya kusa cika shekara biyu, sai na bi ta a hankali, ina janye shayarwa ɗaya bayan ɗaya ina sa kofi a gurbinta. Na zaɓi hakan saboda yayen rana ɗaya yana raba yaro da abubuwa uku a lokaci guda, abincinsa da abin lallashinsa da uwarsa, kuma a irin wannan lokacin ne yara da yawa suke ƙin cin abinci su rame.

Batun shekaru ba shi da gardama sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Alƙur'ani ma, a Suratul Baƙara aya ta 233, shekara biyu cikakku ya ambata ga mai son cika shayarwa. Abin da aka fi mantawa shi ne halin da yaron yake ciki a lokacin. Kada ki fara yana zawo ko zazzaɓi, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ko kuna shirin tafiya. Idan da hali, ki kauce wa tsakiyar zafin Maris da Afrilu, lokacin da madara take saurin lalacewa, jikin yaro kuma yake saurin rasa ruwa. Mai sabon ciki kuma ta kwantar da hankalinta: nonon mai ciki ba guba ba ne, ba sai ta cire yaro a daren da ta gane ba. Ta yi magana da ma'aikaciyar awo, in babu wata matsala ta yaye shi sannu a hankali kamar kowa.

Kofin shi ne aikin farko, tun kafin a taɓa nono. Yaron da bai saba shan ruwa a kofi ba, ba zai karɓi madara a ciki ranar da yake kukan nono ba. Na yi amfani da ƙaramin kofi buɗaɗɗe na roba, wanda hannunsa biyu za su iya riƙewa, ina zuba abin da bai wuce kurɓa uku ko huɗu ba. In an cika kofi, yaro zai karkata shi da ƙarfi, ya kwarara masa a hanci, ya ƙware, gobe ya ƙi kallon kofin ma. Ki zaunar da shi a miƙe, ki ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ki karkata har madarar ta taɓa leɓen, ki bar shi ya ja da kansa. Ɗura, wato a danne yaro a toshe masa hanci a zuba, tana iya kai madara cikin huhu, kuma ita ce hanya mafi sauri ta sa ya tsani abin da kike son ya so. Ban bi ta kan fida ba ko kaɗan. Bakin robarta yana da wuyar wankewa, shi ke tara dauɗar da ke kawo zawo, yaron da yake kwana da ita a baki haƙoransa na gaba suna ruɓewa, sannan daga baya sai kin sake yaye na biyu. Kofi kuwa sabulu da ruwa mai tsabta sun ishe shi, a kife shi ya bushe.

Wace madara? Nan ne kuɗi suke zubewa a banza, ko kuma a cuci yaro ba a sani ba. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ba ya buƙatar madarar jarirai mai tsada. Madarar shanu mai cikakken maiƙo ta wadatar, ko ta gari ko sabuwar tatsa. In ta gari ce, ki duba jikin gwangwani ko leda, domin akwai wadda aka cire mata man shanun aka zuba man tsirrai a madadinsa, akwai kuma farin garin da ake zubawa a shayi wanda ba madara ba ne sam. Madarar awo da ake aunawa daga buhu a kasuwa, sau da yawa mai sayarwar ma bai san wacce ce a ciki ba, don haka na bar ta. Mai kaurin nan ta gwangwani da ake haɗa shayi da ita, sukari ya yi mata yawa, ba ta yaro ba ce. Wurin haɗawa ki bi ma'aunin da aka rubuta a jiki, da ruwan da aka tafasa ya huce. Tsinka ta don gwangwani ya daɗe yana cika wa yaro ciki da ruwa ne kawai. In kuma sabuwa ce daga ruga, dole a tafasa ta ta tafasa sosai, saboda ɗanyar madara tana ɗaukar ƙwayoyin tarin fuka da na wani zazzaɓi mai naci da ake kamuwa da shi daga dabbobi. Kindirmo mai tsabta, wanda kika san hannun da ya yi shi, yana da kyau ƙwarai, wasu yaran ma sun fi karɓar sa.

Yawan da yake buƙata a wuni bai wuce cikin babban kofi biyu ba, mililita 400 zuwa 500, wato kusan cikin leda ɗaya ta ruwan fiya wata. Kada ki yi murna in yana shan fiye da haka. Madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfen da jini yake buƙata sai ɗan kaɗan, kuma yaron da ya cika cikinsa da ita ba zai ci tuwo ba. A haka za ki ga yaro da kumatu amma tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, jininsa ya yi ƙasa. Shi ya sa nake ba da madarar bayan abinci, ba kafinsa ba.

Tsarin janyewar kuwa, na fara da shayarwar tsakar rana, wadda ya fi saurin mantawa saboda wasa. A lokacinta nake ba shi abinci, sannan kofi. Na bar ta ta zauna har na ga ƙirjina ya daina cika a wannan lokacin, sannan na cire ta gaba. Ki ba kowace shayarwa kwana uku zuwa mako kafin ki taɓa wata. Ban riƙa tayi ba, amma in ya nace ƙwarai nakan ba shi kaɗan in taƙaita. Na daina zama a tabarmar da muka saba shayarwa, na riƙa sa riga mai wuyar ɗagawa, domin yaro mai shekara biyu wuri da yanayi ne suke tuna masa. Kuma yana jin magana fiye da yadda ake zato. "Nono sai dare" kalma ce da yake ganewa, in dai kin cika alkawarin idan daren ya yi.

Ta safe ta biyo baya, ita kuma maganinta ki riga shi tashi, ya farka ya tarar da kunu a shirye. Ta dare ce mai wuya, don ba yunwa ke sa shi nema ba, bai san yadda ake barci babu nono a baki ba ne. Na riƙa ciyar da shi tuwo da miya ya ƙoshi bayan magariba, madara kafin isha'i, in goge masa haƙora, sannan goyo ko jijjiga har ya yi barci. In ya farka cikin dare, ruwa a kofi kawai, ba madara ba, saboda haƙora. A nan ne babansa ko kakarsa suke da amfani matuƙa: yaro ya fi saurin haƙura a hannun wanda ba ya jin ƙamshin nono a jikinsa. Taimakon kaka abu ne mai kyau, sai dai na fi son ta zo ta kwana da mu a kan a ɗauke shi a kai mata. Zai yi kuka na 'yan darare. Kukan yaron da ake rungume da shi daban yake da na wanda ya nemi uwarsa ya rasa.

Ƙin madarar a farko abu ne da ya kamata ki sa rai da shi. Nonon uwa ya fi madarar shanu zaƙi, kuma da ɗumin jiki yake zuwa. Ki ɗumama ta kaɗan, ki gwada a bayan hannunki. In ya ƙi, ki zuba ta cikin kunun gyaɗa ko koko, kina ƙara yawan madarar kina rage kunun a hankali. Wata dabarar ita ce ki tatsi naki ki gauraya da ita a kwanakin farko. Sukari ne na ƙi sakawa, domin in ya saba da shi ba zai ƙara shan ta haka nan ba. Shayi ma na hana, duk da yara suna son su tsoma burodi a na babansu, saboda ganyen shayi yana tare jiki daga ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci. Yaron da ya ƙi madara gaba ɗaya amma yana cin kindirmo, ƙwai, wake da kifi, ba abin tayar da hankali ba ne.

A zafinmu, madarar da aka haɗa ba ta jira. Wadda ya sa wa baki ya rage, in ta kai awa ɗaya ki shanye ko ki zubar. Ki riƙa haɗa daidai shansa.

Abincin shi ne ainihin abin da yake maye gurbin nono. Sau uku a rana daga tukunyar gida, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai don ki ga abin da ya ci, ba cikin taron yayyensa masu saurin hannu ba. Koko tsararo ba ya riƙe yaro, ki yi shi da kauri, da gyaɗa ko garin waken suya. Dafaffen ƙwai, alale, faten wake da manja, hanta, dakakken busasshen kifi a miya, zogale, gwanda da mangwaro, duk suna cikin abin da aljihu zai iya. In bayan gidansa ya yi tauri, yawanci madara ce ta yi yawa, ruwa da 'ya'yan itace suka yi kaɗan. In kuwa bayan shan madara kika ga ƙuraje sun feso, ko amai, ko kumburin leɓe, ko jini a kashi, ki dakatar ki kai shi asibiti. Zawo kuma a fara ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki nan take, kuma in ba ki gama yayen ba ki mayar da shi nono har ya warke. Ki ci gaba da kai shi awon nauyi a watannin nan, domin sikeli yana ganin rama kafin ido ya gani.

Ke ma jikinki yana da nasa. Wadda ta janye a hankali da wuya nononta ya yi dutse. In ya cika yana zogi, ki tatse kaɗan daidai yadda za ki samu sauƙi, kada ki tatse duka, don jiki zai ɗauka ana buƙata ya ƙara kawowa. Tsumma mai sanyi da farasitamol suna taimakawa. Ɗaure ƙirji tamau da zane yana toshe hanyoyin nono. In wani gefe ya yi ja, ya yi zafi, ga ƙullutu ga zazzaɓi, wannan na asibiti ne a ranar, kafin ya tara mugunya. Ɗan ɗigon da za ki riƙa gani in kin matsa yana iya kai watanni, ki bar matsawa zai ɗauke. Wasu matan sukan ji ƙunci da saurin hawaye a makonnin farko saboda sauyin da jiki yake yi, yakan wuce, in ya daɗe a faɗa wa likita. Wadda kuma take ganin shayarwa ce ke tsare ta daga ɗaukar ciki, wannan kariyar ba abin dogaro ba ce tun yaro yana wata 6, don haka in kuna son tazara, ku je ke da maigida a tsara muku tun kafin a cire shayarwar dare.