Na Gwada Aikin Maƙeran Azurfar Mosko da Hannuna

A gidan maƙeran fari na tashi, shi ya sa da karatu ya kai ni Mosko, babban birnin Rasha, kayan azurfar da ke gidan tarihin Kremlin suka fi komai tsayar da ni. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne launukan da ke jikinsu. Shuɗi da ja da kore sun cika ƙananan gurabe da aka kewaye da siririyar waya, kuma bayan ɗaruruwan shekaru ba su koɗe ba. Gilashi ne aka niƙa, aka narkar da shi a kan azurfa. Na ce sai na koya, ko da cokali ɗaya ne. Na samu wani ɗakin koyon sana'a inda wata dattijuwa ke koyarwa da yamma, na yi rajista.

Ba da azurfa muka fara ba, da jan ƙarfe ne, domin ba a ba ɗan koyo abu mai tsada ya ɓata. Aikin farko shi ne waya. Za ka murɗa sirara biyu su zama kamar igiya, ka ɗan daddanne ta, sannan da matsefata ka lanƙwasa ta ta zama ganye ko fure. Kowane ganye bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. In ka matsa da ƙarfi ta karkace, in ka sassauta ta ƙi zama. Sai ka jera su a kan zanen, ka liƙe su da wuta, amma wutar kada ta yi yawa ta narkar da wayar kanta.

Gilashin kuwa a ƙaramin turmi ake niƙa shi cikin ruwa, a yi ta ɗauraye shi har ruwan ya daina fari, don in ƙura ta rage launin zai fito a dushe. Da bakin gashin tsuntsu da aka fiƙe ake ɗibarsa yana jiƙe, a cusa shi gurbi bayan gurbi. A tsotse ruwan da ƙyalle, a bari ya bushe sarai, sannan ya shiga tanderu mai zafin kusan digiri 800. Minti ɗaya ko biyu kawai yake yi. In ka leƙa za ka ga garin ya dunƙule, sannan ya kwanta ya yi sheƙi, kuma a wannan lokacin ake fiddo shi. Da ya huce sai ka tarar ya sauka ƙasa, gurbin bai cika ba, dole a ƙara a mayar. Ja da ruwan hoda su ne masu wuyar sha'ani, ba sa jure wuta, kuma in sun taɓa azurfa kai tsaye sukan rikiɗe su yi ɗorawa. Malamarmu kan sa mu bar su sai ƙarshe, mu shimfiɗa farin gilashi a ƙarƙashinsu.

Na gama cokali ɗaya, bayan na sha wuya. Tun daga ranar idona ya canza game da tsofaffin kayan nan, na shiga neman sanin su waye suka yi su.

A waje sunan Fabergé kawai ake ji, kuma wannan yana damuna. Carl Fabergé, shahararren mai kamfanin kayan ado na St Petersburg, ya buɗe reshe a Mosko a 1887, amma da yawa daga kayan gilashi masu salon gargajiya da reshen ya sayar, daga maƙerar Fyodor Rückert suka fito. Akwai kayan da za ka ga hatimin Fabergé an buga shi a kan na Rückert. Pavel Ovchinnikov kuma bawan gona ne tun haihuwa. Ya koyi sana'a, ya fanshi kansa, ya kafa masana'anta a Mosko a farkon shekarun 1850, har ya zama mai yi wa fadar sarki kaya, ya kuma buɗe makarantar koyar da yara aikin. Akwai Ivan Khlebnikov, da Gustav Klingert, da Antip Kuzmichev wanda kantin Tiffany na Amurka ke sayen aikinsa. Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce Maria Semenova, da ta gaji maƙerar mahaifinta a 1896. A furanninta launi kan taso da duhu daga gindin ganye ya yi ta haske zuwa bakinsa, duk a cikin gurbi ɗaya. Na gwada yin haka, na san abin da yake ci.

Karatun hatimi shi ne darasi na biyu, kuma da madubin ƙara girma ake yin sa. Lambar 84 tana nufin kashi 84 cikin 96 azurfa ce, wato 875 cikin 1000; akwai kuma 88 da ta fi ta tsabta. Tsohon hatimin Mosko mahayin doki ne yana sukar dodo da mashi. Daga 1899 aka koma kan mace sanye da adon kai na gargajiya tana kallon hagu, daga 1908 kuma ta juya dama, da harafin Girka a gefe: delta na Mosko, alfa na St Petersburg. Kusa da shi sai haruffan sunan maƙerin. Da waɗannan kaɗai za ka iya kintata shekarun kofin shayi, ko gidan gishiri, ko kovsh, ludayin nan mai siffar agwagwa a kan ruwa.

Sai dai hatimi abu ne mai sauƙin kwaikwayo, jabu kuma sun cika kasuwa, musamman masu ɗauke da sunan Fabergé. Ni yanzu aikin nake fara dubawa. A na asali wayar tana ɗan tasowa sama da gilashin, kana jin ta da yatsa, murɗinta bai ɗaya ne, kuma ruwan zinariyar ya goge ne a inda hannu ke yawan taɓawa. Inda gilashi ya fashe aka cike da roba mai launi, wurin ba ya da sanyin gilashi, fitilar ultraviolet ma takan tona shi.

Juyin juya halin 1917 ya rufe waɗannan maƙeru, kamfanin Fabergé ya tsaya a 1918, kuma gwamnatin Soviet ta sayar da kayan tarihi masu yawa a waje don samun kuɗin ƙetare. Shi ya sa ake samun tarinsu a gidan tarihin Hillwood da ke Washington da na Walters da ke Baltimore. Yau fitar da kayan da suka haura shekara 100 daga Rasha sai da izinin hukuma, ba a kuma cika bayarwa ba, don haka mai son saye gara ya nemi waɗanda suka daɗe da fita, a wurin dillalin da zai ba shi takardar asalin kayan kuma ya yarda a mayar masa in an gano gyara.