Abin da Ƙididdiga Ta Nuna Mini Kan Haramta Okada a Legas

A ranar 1 ga Yuni 2022 dokar haramta okada ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida na jihar Legas, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, sannan a watan Satumba gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Da yake 'yan Arewa suna da yawa a wannan sana'a, dattawan unguwarmu a Agege, waɗanda suka san na karanta tattalin arziki kuma tattara alƙaluma ne aikina, suka neme ni in rubuta musu irin asarar da yaranmu suka yi, domin idan za su je gaban hukuma kada su je da koke kawai.

Wahala ta farko ita ce Bahaushe ba ya faɗa wa baƙo abin da yake samu a rana. Idan ka tambaya, sai ya ce maka "Alhamdu lillahi, ana lallaɓawa," ka kuwa san wannan ba ya shiga jadawali. Don haka na bi ta bayan gida: nawa yake zuba mai da safe, nawa ne balas ɗin da yake kai wa mai mashin da yamma, nawa ne kuɗin tikiti a tasha, kuma nawa yake zubawa a adashi. Adashin ya fi komai amfani, saboda uwar adashi tana da littafi, kuma mutum ba ya ɗaukar zubin da ya fi ƙarfinsa ya daɗe a ciki.

Da na haɗa amsoshin, sai ga matsakaicin abin da 'yan okadan da na samu a tasha suke samu bai faɗi ba, wasu ma ya ɗan ƙaru, domin babura sun ragu a hanya, kuɗin ɗaukar fasinja ya hau. Wanda ya tsaya a nan zai rubuta cewa dokar ba ta cutar da kowa ba. Wani dattijo mai sayar da kayan gyaran babur ne ya dube ni ya ce, "Malam, waɗanda ka samu ai su ne suka tsira. Wanda aka kwace wa mashin aka murƙushe, yana can Jigawa ko Sakkwato, a ina za ka gan shi?" Na ce, "Gaskiyarka, Baba," muka zauna ya riƙa fito mini da lambobin waya daga littafin bashinsa. Da na kira su, wasu sun koma noma, wasu suna dako a kasuwar Mile 12, wasu kuma har lokacin suna biyan bashin babur ɗin da babu shi. Sai da na saka su a lissafi sannan asarar ta fito fili.

Ban yarda in yi wa hujjar gwamnati ta rage haɗari rashin adalci ba, domin haɗarin okada gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Igbobi ya sani. Amma cewa haɗari ya ragu bayan doka bai isa ya nuna dokar ce ta rage shi ba. Wannan na fara koya ne daga alƙaluman ƙwallon ƙafa: ƙungiya takan kori koci ne lokacin da ta fi lalacewa, kuma bayan mummunan lokaci irin wannan sakamako yakan dawo daidai ko an kore shi ko ba a kore shi ba, amma sai sabon koci ya kwashe yabon. Doka ma takan zo ne bayan abu ya yi tsanani, kamar yadda ta 2022 ta biyo bayan kisan wani matashi a Lekki a watan Mayu, wanda aka zargi 'yan okada da aikatawa. Maganin wannan shi ne a kwatanta wuraren da aka haramta da waɗanda ba a haramta ba, kafin doka da bayanta. Sai dai a nan ma akwai tarko, saboda waɗanda aka kora daga Ikeja da Oshodi sun kwararo Agege, Alimosho da Ikorodu ne, ke nan wuraren da nake son in yi awo da su dokar ta riga ta taɓa su. Idan haɗari ya ragu can ya ƙaru nan, ƙaura ya yi, kuma alƙaluman jihar gaba ɗaya ne kawai za su iya raba gardama.

Daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kwatanta kuɗin yau da na jiya ya zama aikin banza muddin ba a cire hauhawar farashi ba. Litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Disamba 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ko mafi ƙarancin albashi, da ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, idan aka mayar da shi dala ya sauko ne daga wajen dala 80 zuwa ƙasa da 50. Don haka na riƙa mayar da kowane kuɗi zuwa litar mai da mudun shinkafar da zai iya saya, dattawan ma sun fi gane haka.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙaluman rashin aikin yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai kuma kashi 4.1 a farkon 2023, bayan ta koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda yake ɗaukar duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Hukumar ba ƙarya ta yi ba, ma'auni ta canza. Amma da wannan ma'auni, yaron da ya rasa babur ya koma ɗaukar kwandon tumatir sau biyu a mako mai aiki ne, alhali abincin gidansu ya ragu. A ganina, duk mai kawo kashi 4.1 a muhawara ya kamata ya kawo adadin awannin aiki da na kuɗin shiga tare da shi.

A takardar da na miƙa wa dattawa ban ce a janye dokar ba, domin alƙalumana ba su kai su yanke wannan hukunci ba. Na roƙi abu biyu: a riƙa wallafa adadin haɗura na kowace ƙaramar hukuma wata-wata, har da waɗanda ba a haramta okada a cikinsu ba, kuma a riƙa rubuta sunan mai kowane babur da aka kwace, domin a san mutum nawa ne suka rasa jarinsu da inda suka nufa.