Godiya ga waɗanda suka cika mini ɗaki a watan Oktoba

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Jiya likita ya duba hoton ƙafata ya ce ƙashi ya kama, in ajiye sanda ɗaya in riƙa dogara ɗaya, kuma in Allah ya yarda farkon shekara zan koma bakin tasi ɗina. Alhamdu lillahi. Tun ina kwance na yi wa kaina alkawari cewa ranar da na ji wannan magana zan zauna in rubuta godiya da hannuna, don baki ba zai iya bin kowa gida gida ba. Waɗanda suka san ni sun san ba yadda za a yi in ba da labarin jinyar nan ban sako Yankees, ƙungiyar wasan besbol ta New York, a ciki ba. Tare suka zo mini, tare muka sha wuya, sai ku yi haƙuri da ni.

A ƙarshen Satumba na 2024 wata mota ta shigo mini ta gefe a mahaɗar titi nan Bronx, a birnin New York, cinyata ta dama ta karye, aka yi aiki aka sa ƙarfe. An sallame ni ranar Asabar 5 ga Oktoba. Gidanmu hawa na huɗu ne kuma babu lifta. Samari huɗu daga masallacinmu suka ɗora ni a kujera suka hau da ni, suna hutawa a kowane hawa, gumi na zuba, ba wanda ya nuna gajiya. Ƙannena, Allah ya ɗaga ku yadda kuka ɗaga ni. A daren ne Yankees suka fara karawa da Kansas City a zagayen farko na wasannin neman kofi, muka ci su 6 da 5, ina kwance a falo ƙafa a kan matashi.

Godiya ta farko ta maman yara ce. Ita ta san daren da zafi ya hana ni barci, ita ta san yawan hawa da saukar da ta yi a benen nan da kwandon wanki da ledar magani, ga aikinta, ga makarantar yara. Ba ta taɓa son besbol ba, amma ta bar mana falonta kusan wata guda, maza suna ihu har sha biyun dare, ba ta ɗaure fuska ba ko sau ɗaya. Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Malam Liman, na gode da addu'ar da aka yi mini bayan Juma'a da kuma zuwan da ka yi da kanka har sau uku. 'Yan'uwana direbobi da kuka haɗa kuɗi kuka biya mini hayar gida wata biyu, kuka kuma hana a faɗa mini wa ya ba da nawa, Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya. Hajiyarmu 'yar Kumasi da ba ta fasa aiko da wake da shinkafa ba, da yayyenmu na Maraɗi da Damagaram masu zuwa da fura a kula, Allah ya ƙara buɗi.

Sai Baba, dattijon maƙwabcina ɗan Jamhuriyar Dominika, wanda shi ya koya mini wasan nan tun farkon zuwana. Ba ya jin Hausa, amma ɗana zai karanta masa. Na zo ƙasar nan bayan 2009, shekarar da Yankees suka ɗauki kofinsu na 27, saboda haka duk ɗaukakar da ake faɗa a bakinsa na ji ta, ban gani da idona ba. Kowane daren wasa yakan ƙwanƙwasa ƙofa da ƙaramar rediyonsa a hannu. Sai mu kashe muryar talabijin mu kunna rediyo, don John Sterling, mai sharhin wasannin Yankees a rediyo, wanda ya yi ritaya a watan Afrilu, ya dawo ya gabatar da wasannin ƙarshen, kuma Baba ya ce ba zai ji su a wata murya ba.

Yawancin masu zuwa dubiya ƙwallon ƙafa suka sani. Da farko sukan gaishe ni su zauna minti goma su tashi. Sai wani ya tambaya me ya sa mutumin can ya tsaya riƙe da gora bai buga ba, na fara bayani. Mutum tara ne ke bugu bi da bi, a jerin da koci ya rubuta kafin wasa. Mai jifa yana jefo ƙwallo, mai bugu yana neman ya maka ta inda ba kowa, ya ruga tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya dawo gida, shi ne maki ɗaya. In ya tsallakar da ita bayan katanga, homran ke nan, shi da duk wanda ke kan tasha su dawo gida a tsanake. An fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Zagaye tara ake yi, kuma babu agogo, ba mai hura usur ya cece ka, sai ka fitar da mutum na ƙarshe da hannunka. Kafin mako biyu, mutanen da ke tashi bayan minti goma su ne ke zuwa tun kafin Isha'i, mu yi salla a falo ina zaune, sannan a kunna. Na sani sarai ba Yankees ce ta kawo ku ba. Kun ga wasan yana mantar da ni ciwo, sai kuka mayar da shi dalilin zama.

Tunda ni ma'abocin ƙungiyar nan ne, bari in faɗi ra'ayina a kan jerin masu bugunmu na 2024, wanda na sha faɗa muku a falo. Kansa ya fi jikinsa nauyi. Juan Soto a na biyu da Aaron Judge a na uku, ban taɓa ganin mutum biyu a jere kamarsu ba: Soto homran 41, Judge 58, a kakar da muka ci wasa 94 cikin 162. Amma watanni da yawa in aka wuce su biyun sai wuta ta mutu, har masu jifa suka riƙa ba Judge hanya ya tafi tasha ta ɗaya kyauta don ba sa tsoron na bayansa. Abin ya gyaru ne da aka mayar da Gleyber Torres na farko a watan Agusta, ya riƙa samun tasha kafin manyan su zo, da kuma zuwan Jazz Chisholm daga Miami a ƙarshen Yuli, yaron da aka ba tsaron tasha ta uku alhali bai taɓa tsaronta ba, ya karɓa bai yi gardama ba. Giancarlo Stanton kuwa, wanda ake ta cewa ya tsufa, ƙafafunsa sun ƙare, da Oktoba ta kama sai ya zama wani mutum daban. Homran huɗu ya buga wa Cleveland a wasa biyar. Abin da ya dame ni tun bazara shi ne tsaron fili da gudu tsakanin tashoshi. Ƙananan kurakurai ne da ƙarfin bugu ke rufewa, na kuma sha gaya wa Baba cewa ranar da muka haɗu da ƙungiyar da ba ta yafiya za a gani.

Daren Asabar 19 ga Oktoba ba zai fita daga raina ba. Wasa na biyar a Cleveland, an yi kunnen doki 2 da 2 har an shiga zagaye na goma, an fitar mana da mutum biyu, biyu suna kan tasha, Soto ya shigo. Mai jifa ya jefo, ya kore ta gefe. Ya sake, ya kore. Yana gyaɗa kai yana kallonsa ido cikin ido, kamar mai cewa kawo wadda nake jira. A jifa na bakwai ya same ta. Falon nan ya kaure. Baba, mutumin da ya haura saba'in, ya miƙe tsaye yana kiran sunan ƙasarsu, hawaye na bin fuskarsa, don Soto ɗansu ne. Ni kuma na manta da ƙarfen da ke cinyata na yunƙura zan tashi, sai da Yaya ya danne mini kafaɗa. Yaya, na gode da wannan hannun. Shekara 15 rabon Yankees da zuwa World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, ga shi na gani ina kwance a tsakiyar 'yan'uwana.

Abin da ya biyo baya da Dodgers ta Los Angeles kowa ya sani, amma zan faɗe shi don a cikinsa ne na fi ganin kirkinku. Wasan farko, Juma'a 25 ga wata, muna gaba 3 da 2 a zagaye na goma. Koci Aaron Boone ya kira Nestor Cortes, wanda rabonsa da jifa tun 18 ga Satumba saboda ciwon gwiwar hannu, ya bar Tim Hill da ke kan ganiyarsa. Har gobe ina ganin Hill ya kamata a sa. Cortes ya fitar da Shohei Ohtani, da taimakon Alex Verdugo da ya cafe ƙwallo ya faɗa cikin 'yan kallo. Aka ba Mookie Betts hanya da gangan, tashoshi uku suka cika, Freddie Freeman ya zo yana ɗingishi da idon sawu mai ciwo. Jifa ɗaya tak. Maki huɗu a bugu guda, wasa ya ƙare 6 da 3, abin da ba a taɓa rufe wasan World Series da shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba zan ɓoye ba, ganin mutum mai ciwon ƙafa yana zagaya tashoshin nan ya taɓa ni ta wani wajen. Washegari da mai gashin ƙashi ta zo, na yi takun da na kwana uku ina ƙi.

Aka ci mu na biyu 4 da 2, aka dawo nan Bronx aka sake cin mu 4 da 2. Judge ya shiga wani hali, bugu ɗaya kacal ya samu cikin 12 a wasa ukun nan. Ɗana mai shekara 12, da rigarsa mai lamba 99 irin ta Judge, ya daina magana. Na zaci ranar Talata ba mai zuwa, don wa zai bar barcinsa ya zo kallon kaye na huɗu, wanda zai ba Dodgers kofi? Ranar ce falo ya fi cika, har wasu suka zauna a bakin ƙofa. Allah kuma ya ba mu daren, Anthony Volpe, yaron da ya tashi yana goyon bayan ƙungiyar nan tun yana ƙarami, ya buga mai maki huɗu a zagaye na uku, muka ci 11 da 4.

Sai Laraba 30 ga wata. Judge ya farka ya buga homran tun zagayen farko, Chisholm ya bi bayansa da wata, Stanton ya ƙara, muna 5 da nema, mai jifanmu Gerrit Cole kuma bai bari ko mutum ɗaya ya samu bugu ba har zagaye huɗu. A na biyar abin da nake tsoro tun bazara ya faru gaba ɗaya. Ƙwallo ta zo wa Judge a sama ta suɓuce daga safar hannunsa, kuskurensa na farko a duk shekarar. Volpe ya jefa tasha ta uku jifan ya gaza. Cole ya daure ya fitar da mutum biyu, har da Ohtani, saura ɗaya mu tsira, sai Betts ya buga wata mai rarrafe wajen Anthony Rizzo mai tsaron tasha ta ɗaya, Cole bai ruga ya tsare masa tashar ba. Maki biyar suka shiga ta wannan ƙofar. Mun sake wucewa gaba da ɗaya, suka karɓe a zagaye na takwas, aka tashi 7 da 6, suka ɗaga kofi a filinmu. Dodgers sun cancanta, sun fi mu kula da ƙananan abubuwa. Ban ga laifin mutum ɗaya ba, kuma ba na tare da masu zagin Judge, don ba don shi ba da ba mu kai Oktoba ba.

Da aka kashe talabijin ba wanda ya tashi. Kawu ya haɗa shayi, aka zauna shiru, ɗana ya kifa kansa a cinyata mai lafiya yana kuka. Baba ya dafa shi ya yi masa magana a hankali, ya ce shi ma ya ga 2001 da 2003 kafin ya ga 2009. Har ƙarfe ɗaya da rabi kuna nan, alhali da yawanku za su fita aiki da asuba. Na ji tsoron in wasa ya ƙare ɗakin zai koma shiru. Bai koma ba. Duk watan Nuwamba kun ci gaba da zuwa, ba Yankees ba komai, kuka raba kwanakin kai ni asibiti a tsakaninku. Wannan ita ce godiyar da ta fi yi mini nauyin faɗa.

Mutanen gida ma ban manta da ku ba. Inna, addu'arki ta iso. Ƙanena da ke Kano, wanda lokacin da ake fara wasa nan ƙarfe ɗaya na dare ne a wajensu, kullum bayan sallar asuba sai na tarar da saƙonsa a WhatsApp: ya jiki, kuma an ci? Bai san ko mutum nawa ke buga wasan ba, amma ya san abin da zai sa in yi murmushi.

A makon nan na Disamba 2024 labari ya fito cewa Soto ya koma Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York, shekara 15 a kan dala miliyan 765. Abin ya yi mana zafi, ni da Baba mun kwana muna lissafin wa zai tsaya gaban Judge a jeri, kuma har yanzu ba mu samu amsar da ta kwantar mana da hankali ba. Ina dai fata a nemo masu tsaron fili na gaske kafin a nemo masu gora. Za a buɗe sabuwar kaka ranar 27 ga Maris 2025 da Milwaukee, lokacin muna goman ƙarshe na azumi, saboda haka ba ranar za mu je ba. Bayan Sallah, in Allah ya kai mu da rai da lafiya, duk wanda ya zauna a falon nan ina gayyatarsa. Za mu hau jirgi mai lamba 4 mu sauka a titi na 161 inda filin Yankees yake, tikitin samarin nan huɗu a wuyana yake, kuma matakalar filin da ƙafata zan hau ta.

Na gode, na gode. Allah ya bar zumunci, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.