Ƙwayoyin silika da rigarsu: inda aiki ya tsaya

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da aiki. Ƙwayoyin sun samu. Rigar amin (rukunin NH₂) da ake sa musu ce ke ba da wuya, kuma yawanci cika hannu wajen zuba APTES (sinadarin da ke ɗauke da amin ɗin) ne silar wuyar.

Ƙwayoyin kansu da hanyar Stöber ake yin su, wadda aka wallafa a 1968. Etanol mililita 50, ruwan amoniya mai ƙarfin kashi 28 cikin 100 mililita 3, a gauraya, sannan a zuba TEOS (sinadarin da silikar ke fitowa daga gare shi) mililita 1.5 gaba ɗaya ana juyawa. Ruwan zai fara shuɗi-shuɗi, daga baya ya yi fari kamar tsinkakkiyar madara. A rufe, ya kwana yana juyawa. In an ƙara amoniya ƙwaya ta girma, in an ɗaga zafi ta ƙanƙance. Kwalbar amoniyar da aka daɗe ana buɗewa ƙarfinta ya ragu, shi ya sa awo ɗaya kan ba da girma biyu. A yi aikin inda ake zuƙe tururi, domin amoniya da TEOS duk suna cutar da ido.

Kafin a taɓa APTES, a ɗauki biro. TEOS mililita 1.5 bai fi ya ba da silika gram 0.4 ba. Idan faɗin ƙwaya nanomita 100 ne, gram ɗaya na da sarari kusan murabba'in mita 30, ke nan namu 12 ne. Kowane murabba'in nanomita na ɗaukar kusan molekyul biyu na APTES. Ke nan APTES ɗin shimfiɗa ɗaya bai kai maikurolita 10 ba! Ninki biyu ko uku ya wadatar. Wanda ya zuba mililita guda ya zuba ninki ɗari, kuma rarar ba zama take yi kawai ba: tana haɗuwa da ruwa, ta manne da junanta, ta ɗinke ƙwaya da ƙwaya har su dunƙule su kwanta a gindin kwalba.

Akwai kuma batun caji. Silika tsirara cajinta korau ne, amin kuwa akasin haka, don haka a tsakiyar aikin sai an ratsa inda caji ya zama sifiri, inda ba abin da ke hana ƙwayoyi mannewa. Maganinsa: a wanke su sau uku da etanol a santirifuj, a warwatsa su a bahon sauti, a tsinka APTES cikin etanol, a riƙa ɗigawa ana juyawa da ƙarfi, sannan a dafa awa biyu a digiri 78 da na'urar mai da tururi. Kada a busar da su ko sau ɗaya. Busasshen gari ba ya warwatsuwa kamar da, kuma shaƙarsa haɗari ce.

Don gane ko amin ya kama, gwajin ninhidirin ya fi sauƙi: amin na mai da shi shunayya. Amma a gwada ruwan wankin ƙarshe ma. In shi ma ya rine, APTES ɗin da bai kama ba ne ke ruɗin ku.

Na'urar DLS, mai auna girman ƙwaya da watsuwar haske, a bi ta da hankali. Ƙwaya ɗaya da ta ninka saura sau goma tana watsa haske kamar ƙanana miliyan, dunƙule kaɗan ya isa ya ɓata sakamako. Hoton TEM (na'urar hango ƙananan abubuwa da elektron) ne zai raba gardama. A awon TGA (auna nauyin da ke raguwa yayin ƙonawa) kuwa, shimfiɗa ɗaya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyi ba, alhali silika tsirara da kanta tana zubar da ruwa da ragowar etoksi fiye da haka. Sai an ƙona tsirarar a gefe an debe.

Mataki na gaba shi ne ɗaura BiBB (sinadarin da sarƙar roba ke tsirowa daga kansa) a kan amin, a tsirar da robar PMMA ta hanyar ATRP (hanyar tsirar da sarƙar a hankali). Ruwa da etanol duk suna lalata BiBB, don haka a sauya etanol da busasshen toluwin ta santirifuj tukuna. Alamar PMMA a FTIR (awon hasken infrared) tana wajen 1730 cm⁻¹.