Daga Mopti zuwa Lokoja a Kan Kogin Kwara

Abin da ya fara ba ni mamaki game da Kogin Kwara, wanda wasu ke kira Kogin Neja, shi ne hanyar da ya bi. Yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga Tekun Atlantika, amma sai ya juya wa tekun baya, ya nausa arewa maso gabas cikin Mali har bakin Sahara, kafin ya karkato ta Nijar da iyakar Benin ya shigo Nijeriya, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 4,180.

A garin Mopti na ƙasar Mali na fara shiga ruwansa, inda Kogin Bani ke haɗuwa da shi. Dogayen kwalekwale masu inji suna jere a gaɓa, ana loda musu buhunan shinkafa da busasshen kifi da allunan gishirin da ake haƙowa a Taudeni, can cikin hamadar arewacin Mali. Na shiga ɗaya na zauna bisa wani buhu, ƙafafuna a takure, wani yaro yana ta kwashe ruwan da ke tsattsafowa da ƙwarya, kuma babu fasinjan da ya nuna damuwa sai ni.

Yamai ban daɗe ba. Na dai tsaya kan Gadar Kennedy da la'asar ina kallon masu wanki suna shanya a bakin ruwa.

Lokoja ce ta fi riƙe ni, domin daga saman Dutsen Patti ana hango Binuwai, wanda ya taso tun daga Kamaru, yana shigowa cikin Kwara, su nufi kudu tare.