Ranar da Goro Ya Tona Asirin Cikon da Na Yi

Wata huɗu da yi wa wani dattijo farin ciko a haƙorinsa na ƙasa, wato turmi, sai ga shi ya dawo dafe da kumatu. "Likita, ko ruwan randa ya gagare ni." Na ce, "Baba, buɗe mu gani." Ciko na nan daram, amma a gefensa, daf da dasashi, ga wani siririn layi ja-ja kamar zare. Goro da shayi sun bi wata kafa da ido ba ya gani, sun rina ta.

Farin ciko, wato kamfozit, yana da hali guda: in aka haska masa shuɗiyar fitila ya sandare, sai ya tsuke da kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Kaɗan ne, amma ya isa ya janye daga bangon kogon haƙorin, miyau da ƙwayoyin cuta su samu hanya.

Na tuna ranar da na yi cikon sarai. Layi ya cika, na dogara da auduga maimakon in ɗaura robar da ke keɓe haƙori. Dasashi ya ɗan tsattsafo jini, na goge na wuce. Cikon kuma dunƙule guda na danna.

Ban yi faci ba, na fasa shi gaba ɗaya. Na ɗaura roba, na jira jini ya tsaya. Na shafa asid fosforik mai ƙarfin kashi 37, daƙiƙa 30 a farin ɓawon haƙori, 15 a cikin haƙorin, dabarar da ta samo asali daga Michael Buonocore a Amurka tun 1955. Na wanke, na busar sama-sama, don cikin haƙori in ya bushe ƙarau gam ɗin da ke manna ciko ba ya kama shi. Wurin da ya fi ba ni wahala shi ne gindin kogon, inda ɓawon ya ƙare aka shiga saiwa; nan gam ya fi rauni, nan kuma danshi ya fi taruwa. Na riƙa sa cikon kaɗan-kaɗan, kaurin kowane shafi bai wuce milimita 2 ba, ina haska kowanne daƙiƙa 20. Cajin fitilar ma sai da na duba, don rashin wuta ya sha kunyata mu.

Bayan goge shi ya yi sumul, na sake taɓa bakin cikon da asid, na wanke, na zuba ruwan gam mai tsinkewa ya ratsa ƙananan tsagar da injin gugar ya bari, na hura iska, na haska. Wasu abokan aiki na cewa wannan shafin yana zaizayewa da tauna. Gaskiyarsu. Ina yin sa dai, amma da a cikon farko na shafa shi, da Baba ya dawo duk da haka.

Bayan mako biyu na miƙa masa ledar ruwa mai sanyi. Ya kurɓa, ya kuskure baki, ya yi shiru. Can ya ce, "To, ɗana, goron fa?"